Garwashin da ya rage bayan tuwo: gasa kayan lambu a lokacin ɗari

Jawabin da ma'aikaciyar sashen abinci mai gina jiki ta yi wa taron kwamitin mata da masu unguwanni. Mun buga shi ne domin a karanta wa waɗanda ba su samu halarta ba.

Na san kowace ta baro aiki a gida, wata ma ta bar jarkarta a layin famfo, don haka ba zan tsawaita fiye da kima ba.

Ɗari ya shigo. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu haka za mu yi ta fama da iskar hunturu da hazo a nan jihar Maraɗi, kamar dai yadda kuka saba a Sakkwato da Zamfara da Katsina. Sai dai can gida akwai ɗakin ƙasa mai riƙe ɗumi, akwai rumbu, akwai karan gona da za a jawo a hura. Tun da aka fara tsallakowa nan a 2019, itace ya zama abin lissafi. Ko dai a saye shi da kuɗi, ko mace ta yi nisa cikin daji nemansa, ko kuma a samu saɓani da masu gonakin da suka karɓe mu hannu biyu. Duk abin da zan faɗa yau, na auna shi da wannan hali da muke ciki.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Wutar da aka tuƙa tuwon dare da ita ba ta gama aikinta ba a lokacin da aka sauke tukunya. Garwashin nan da tokarsa mai zafi suna iya dafa wa yara wani abinci na biyu, ba tare da an ƙara ko tsinken itace ɗaya ba. Abincin nan kuwa shi ne kayan lambun da suke yawaita a wannan lokaci: dankali, kabewa, karas, albasa, yalo, tattasai da tumatir.

Me ya sa na damu da waɗannan? Taimakon da ake bayarwa, ko hatsi aka raba ko kuɗi aka miƙa, yawanci a kan gero da dawa da shinkafa da wake da mai da gishiri yake ƙarewa. Waɗannan su ne ginshiƙi, su ke ba da ƙarfi, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma yaro yana iya ƙoshi da tuwo kullum, jikinsa kuma yana jin yunwar wasu sinadarai da ido ba ya gani. Babba daga cikinsu shi ne bitamin A. Shi ke tsare ido, shi ke ƙarfafa fatar cikin hanci da maƙogwaro da hanji, wato ƙofofin da cuta ke bi ta shiga jiki. Idan ya yi ƙaranci, alamar farko ita ce dundumi: da magariba ta yi sai ki ga yaro yana laluben hanya, yana tuntuɓe da kwano, ko mai juna biyu ta kasa gane fuskar mutum a tsakar gida. Yaron da ke da wannan ƙaranci, idan ƙyanda ko gudawa ta kama shi, takan fi yi masa tsanani. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 maganin bitamin A a baki duk bayan wata shida. To amma ɗigon nan sau biyu ne a shekara, abinci kuwa kullum ne.

Ina ake samunsa? Ku dubi launi. Yawancin abin da cikinsa yake ja ko ruwan goro yana ɗauke da shi: kabewa, karas, wanda masu masaukinmu ke kira karoti, da dankali mai jan ciki. Haka ma ganye mai kore shar, irin zogale da rama da alayyafo da ganyen dankalin kansa. A nan sai mu yi hattara da abu ɗaya. Dankalin da ya fi yawa a kasuwanninmu mai farin ciki ne. Yana da daɗi, yana riƙe ciki, amma bitamin A ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Idan shi kika samu, ki haɗa shi da yankan kabewa ko karas guda biyu. Idan kuma kika ga mai jan ciki a kasuwa, ki fifita shi, ko da ya ɗan fi ƙanƙanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da kayan marmari a rana, kimanin cikin tafin hannu sau biyar ke nan, kuma ba ta lissafa dankali da rogo a ciki ba, domin su 'yan uwan tuwo ne wajen ba da ƙarfi. Na san a halin da muke ciki ba kowa zai kai wannan adadi ba. Ba na so adadin ya karya wa kowa gwiwa. Wadda ba ta ci ko ɗaya jiya ba, idan ta ci biyu yau, ta ci gaba.

Allah kuma Ya sa lokacin ɗari shi ne lokacin arhar waɗannan kaya. Kabewar da aka girbe ƙarshen damina tana nan, kuma muddin ba a yanka ta ba takan yi watanni a inuwa ba ta lalace ba. Dankali yanzu ake haƙarsa. Masu noman rani a fadamar Gulbin Maraɗi, daga Madarunfa da Jiratawa har zuwa Tibiri, sun fara fitar da karas da tumatir da tattasai da kabeji, wanda nan ake kira shu. Albasa kuwa, ƙasar nan ita ce gidan albasar Galmi da ake kaiwa ƙasashe da dama. Ranar kasuwa da yamma, lokacin da masu kaya ke shirin tashi, kashin dala ashirin yakan fi na safe girma. Mata uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi kabewa guda su raba, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wata za ta ce, to me ya hana mu zuba su a miya kamar kullum? Babu abin da ya hana, miyar taushe abinci ce mai kyau, kada a bar ta. Amma gashi yana da nasa amfani guda huɗu. Na farko, ba ya cin sabon itace. Na biyu, ba ya cin ruwa, kun kuma san wahalar layin famfo da sanyin safiya. Na uku, idan aka tafasa kayan lambu aka tsiyaye ruwan, wasu sinadarai irin bitamin C suna bin ruwan su tafi, amma abin da ya nuna a cikin ɓawonsa babu ruwan da zai kwashe masa su. Na huɗu, wuta tana fito da zaƙin dankali da kabewa da albasa, shi ya sa yaron da ke ture ganye a miya zai miƙo hannu ya karɓi gasasshe. A miya ma, kabewar mutum goma ce take narkewa a tukunya guda, babu mai sanin rabon ƙaramin yaro. Gasasshe kuwa, kin ga abin da ya ci da idonki.

Yanzu ga yadda ake yi. Da yawanku kun fi ni iya gasa dankali tun kuna yara a gona, tunatarwa ce kawai.

Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke kayan da ruwa mai tsabta, domin ƙasar lambu tana ɗauke da taki da ƙwayoyin cuta. Kada ki fere su, ɓawon shi ne tukunyarsu. Ki jira harshen wuta ya mutu, hayaƙi ya ɗauke, ya rage garwashi ja da farar toka a kansa. Harshen wuta yana ƙona waje ya bar ciki ɗanye, toka mai zafi ita ke dafawa a hankali har tsakiya. Ki buɗe rami a cikin tokar, ki jera dankali, ki rufe da toka, sannan ki ja garwashi a sama. Dankali matsakaici, kamar girman dunƙulen hannu, yakan ɗauki minti 30 zuwa 45. Ki juya shi sau ɗaya. Idan kika soka tsinke mai tsabta ya shige ba gardama, ya nuna.

Albasa ma haka ake binne ta da ɓawonta, sai dai ta fi saurin nuna. Idan kika matsa ta kika ji ta yi laushi, ki ciro, ki ɓare baƙin, za ki tarar da ciki ya yi zaƙi, yajin ya tafi. Kabewa kuma a yanka ta gunduwa-gunduwa kamar faɗin yatsu uku, a kwashe 'ya'yan, a ɗora ɓangaren ɓawon a kan garwashi, a kifa tsohon kwano ko kasko a kai domin zafi ya zagaye ta. Yalo da tattasai da tumatir ba sa son binnewa. A ɗora su a sama, a riƙa juyawa, cikin minti 10 zuwa 15 fatarsu za ta yi baƙi ta saki. A saluɓe fatar, a daka su tare da gasasshiyar albasa da 'yar daddawa, kin samu miyar dangwale ba tare da kin ɗora tukunya ba. Karas shi ne mai saurin bushewa. Ki tsaga shi biyu, ki shafa masa ɗan mai, ki zuba a kasko ko tanda, ki rufe, ki ɗora a kan garwashi. Wadda take da kasko babba tana iya haɗa karas da kabewa da albasa da yankan kabeji gaba ɗaya ta wannan hanya.

'Ya'yan kabewar nan kada a zubar. A wanke, a shanya, a soya a busasshen kasko kamar gyaɗa. Suna gina jiki, suna kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Manya su ɓare su ci, ƙanana a daka musu.

Abu na gaba shi ne mai, kuma ina roƙon kada a manta da shi. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko man rabo a kan rabon yaro ya isa. Idan babu mai, a daka ƙuli-ƙuli a barbaɗa, ko a dama tunkuza kaɗan. Ƙuli-ƙuli da gasasshen dankali ai tsohon aure ne, ba yau aka ɗaura shi ba. In an samu lemun tsami a matsa a kai bayan an sauke. Idan aka ci wannan tare da wake, tsamin lemun da tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin waken, abin da masu juna biyu da masu shayarwa ke matuƙar buƙata. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci. Gishiri a sa kaɗan. Abin da aka yarje wa babba a yini guda bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Iyayenmu masu hawan jini, gasasshen abinci yana da ɗanɗanonsa, ba ya neman gishiri da yawa.

Ga masu goyo: jariri daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla, ko ruwa ba a ba shi, balle dankali. Daga wata 6 sai a fara ba shi abinci tare da nono. Ki ɗebi tsakiyar kabewa ko dankali mai laushi, wanda aka gasa yanzu, ki murƙushe da cokali mai tsabta, ki sa ɗan mai, ba yaji ba gishiri. Ya yi kauri yadda zai zauna a cokali, kada ya tsinke kamar ruwa. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a yini, ɗan wata 9 zuwa 23 ya ci sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin idan ya shiga akushi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share.

Wanda ya kwana fa? Dankalin da bai fashe ba, a rufe shi a kwano mai murfi, da safe a mayar da shi kan garwashin koko har sai zafi ya ratsa tsakiyarsa. Ɗan makaranta ya riƙe shi a hannu, ya ɗumama yatsu, ya ɗumama ciki. Amma wanda aka murƙushe ko aka daka, a cinye shi a lokacin, kada a ajiye, kuma jariri ba a ba shi kwantai.

Akwai abubuwan da ba a gasawa. Rogo mai ɗaci yana da guba, gashi kaɗai ba ya fitar da ita, sai an fere an jiƙa kwanaki. Idan ba ki tabbatar da irin rogon ba, ki bar shi. Dankalin Turawa da ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa, a bar shi. Dankalin Hausa mai baƙin tabo da ɗaci, a jefar, kada a ce a yanke wajen a ba yaro. Gwaza sai ta nuna sarai, in ba haka ba tana ƙaiƙayin maƙogwaro. Wajen da ya ƙone ƙurmus a kankare. Sannan wutar da aka hura da leda ko roba ko tsohon takalmi ba a gasa abinci a cikinta, haka gwangwanin fenti ko na maganin ƙwari ba ya zama kasko ko murfi, komai wankinsa.

To, iyayena, yanzu na zo kan maganar da ta fi kowace nauyi, ina so maza ma su saurara. Wannan gashi a waje ake yinsa, a murhu, a inda iska ke wucewa. Na san abin da ke faruwa idan dare ya tsala sanyi ya yi tsanani: a kwashi garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki, a toshe ƙofa, a kwanta. Gawayi da garwashi suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da babu hayaƙi ko kaɗan. A rufaffen ɗaki tana taruwa, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin komai, daga barci sai a wuce. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da waɗannan alamu gaba ɗaya, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa, a kai su asibiti. Ba iskokai ba ne, ba maita ba ce, gawayi ne. Hayaƙin girki ma ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta.

Ga kuma gobara. A hunturu komai ya bushe, iska tana kaɗawa, ɗakunanmu da dannin kara da tamfol suna manne da juna. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye layi guda. Murhu ya nisanci danni da zana. Idan iska ta yi ƙarfi, a haƙura da gashin ranar. Idan an gama, a kashe garwashin da ruwa ko a binne shi da ƙasa, kada a tafi barci a bar shi. Toka kuma tana yaudara, samanta fari cikinta wuta, kuma yaro mai rarrafe bai san haka ba. Babba ce za ta tono abin da aka binne, da itace ko cokali mai dogon hannu, kada a aiki yaro. Idan tsautsayi ya faɗa wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har tsawon minti 20, a lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi, a rufe ƙunar da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki ko toka, kada a fasa ƙurjin da ya tashi.

Abinci mai kyau rigakafi ne, amma ba ya maye gurbin magani. Wannan lokaci ne na mura da tari da ciwon haƙarƙari. Yaron da ke tari, ki ɗaga rigarsa ki dubi ƙirjinsa lokacin da yake kwance lafiya. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 yana yin 40 ko fiye, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, kada ki jira gari ya waye. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuma alamar sanƙarau ce, ita ma lokacinta ne. Masu igiyar awon damtse, ku ci gaba da auna yaranku 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya a kawo shi a duba, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ranar za a kawo shi. Haka idan ƙafafunsa biyu suka kumbura. Yaron da aka sa a kan abincin magani na cikin leda, nasa ne shi kaɗai, ba a rabawa, ba a sayarwa, kuma dankali ba ya zama madadinsa.

Iyayenmu maza, ku ma da rabonku a wannan aiki. Ranar kasuwa, kafin a zauna teburin mai shayi, a fara tsayawa wajen mai kabewa. Wanda kuma yake da ɗan fili a bayan ɗaki, ko buhu guda da za a cika da ƙasa da taki, ya dasa zogale ko igiyar dankali ko albasa, a riƙa ba su ruwan alwala da na wanke hatsi. Masu unguwanni, muna roƙon ku zagaya da dare a wannan watanni, ku tunatar da jama'a maganar garwashi a ɗaki. Bakinku ya fi namu kaiwa.

Abin da nake roƙon kowace uwa shi ne ta gwada sau uku a mako. Idan an sauke tuwo, a binne abu biyu a toka, ɗaya daga cikinsu mai jan ciki, a sa masa ɗan mai, a fara ba ƙaramin gida, sannan a kashe wutar kafin a kwanta. Wadda ta gwada ta koya wa maƙwabciyarta, musamman baƙin da suka iso kwanan nan. Mai tambaya kuma ta same mu a wajen awo, ko ta faɗa wa masu wayar da kai na unguwarta su kawo mana.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mu daga gobara da cuta, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri, Ya zaunar da garuruwanku lafiya.